Murhun da Tirason Ya Raina

Akwai wani mai jiragen ruwa da aka yi a wani tsibiri na tsohuwar Girka, sunansa Tirason. Fataucin man zaitun yake yi, kuma ya tara abin duniya. Ɗa guda gare shi, Kiliton, yana ji da shi kamar ransa.

Tirason na da wani hali. In an zauna shan giyar inabi, sai ya hau auna allolin garin kamar mai tayin shanu. Zeyus ne a sama, don shi ke da aradu. Posaidon mai teku na biye, don in ransa ya ɓaci sai ya haɗiye jirgi da mutanen ciki. Can ƙarshe yake ajiye Hestiya mai tsaron murhu.

Maƙwabcinsa, tsoho Yukilis, ya taɓa tuna masa cewa duk inda aka yi yanka ita ake fara ba rabo. Tirason ya bushe da dariya.

"Baba, wadda ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba? Da me za ta doke ni, da muciya?"

Shi dai masu iya cutar da shi kaɗai yake yanka wa bijimansa.

Wata rana bawansa Sosiyas ya zame a bakin jirgi, tulun mai ya fashe. Ya san irin dukan da ke jiransa, sai ya sheƙa gidan Yukilis ya zauna cikin tokar murhu. Kowa ya san dokar. Wanda ya fake a murhu hannu ba ya taɓa shi, ko kisa ya yi, sai dattawa sun zauna a kan maganarsa.

Tirason ya shigo da barorinsa. Tsohon ya tare shi yana roƙo, har ya ce zai biya man. Tirason ya ce a kwantar da hankali, shi ba zai karya doka ba. Ya sa aka kwaso itacen zaitun aka jibga a murhun, aka hura.

Sosiyas ya daure har gashin ƙafarsa ya babbake. Da wuta ta kama rigarsa ya yi waje yana birgima. Nan barori suka rufe shi da duka. Bai kai gari ya waye ba.

"Kun ga na taɓa shi?" in ji Tirason. "Wutar uwar ɗakin taku ce ta kore shi."

Ba abin da ya sami Tirason. A shekarar ma jiragensa suka dawo maƙil. Ya yanka wa Posaidon baƙin bijimi, yana cewa ga inda ƙarfi yake. Yukilis kuwa ya daina amsa gaisuwarsa.

Kiliton ya girma ya zama ɗan kokawa. Ranar wani biki ya ɗaga abokin karawarsa ya buga da ƙasa, wuyan yaron ya karye. Tsautsayi ne, kowa ya gani. Amma 'yan'uwan mamacin ba su jira dattawa ba, suka zaro wuƙaƙe. Kiliton ya ruga, gidan da ya fi kusa na Yukilis ne, ya faɗa cikin toka.

Da labari ya iske Tirason ya zo yana haki. Ya ga ɗansa a murhu, ransa ya ɗan kwanta. Ya shiga faɗa wa mutane cewa doka doka ce, kada wanda ya taɓa yaron.

Yayan mamacin ya dube shi.

"Wa ya ce za mu taɓa shi, maigida? Kai, ku kawo itace."

Suka riƙe Tirason a bakin ƙofa. Ya ɗaga kai ya yi wa Zeyus alkawarin garke guda in ya aiko da ruwa. Sama tas, ko gajimare babu. Ya kira Posaidon. Teku na kwance abinta. Sai a ƙarshe bakinsa ya kama sunan Hestiya, ya juya ga Yukilis yana kuka, ya ce ya yi musu magana.

"Na yi magana a wancan karon," in ji tsohon. "Tun ranar ba wanda ke tsoron murhun nan."

Kiliton ya fi Sosiyas dauriya. Yana kallon ubansa ta cikin hayaƙi. Amma wuta wuta ce. Ya fito.

Bayan an binne shi, Tirason ya rayu shekaru. Ba a sake jin ya auna alloli ba. In matarsa ta hura murhu, sai ya tashi ya koma waje cikin sanyi.

Darasi: Wanda ba ya girmama komai sai abin da zai iya dukansa, shi da kansa yake rushe mafakar da zai nema wata rana. Dabarar da ka cuci maras ƙarfi da ita, mutane na kallo, kuma suna koyo. Ku tura wa wasu su karanta, musamman masu jin sun fi ƙarfin doka.