Manomin da Haƙorinsa Ya Yi Shiru

An yi wani manomi da geronsa ya nuna, tsuntsaye kuwa suka sa gonar a gaba. Ana cikin haka sai haƙorinsa na matauni, wanda ya daɗe da yin kogo, ya tashi da zugi. Zama ya gagare shi, tsayuwa ma haka. Ya dinga kai da komo a bakin gona, hannu dafe da kunci. Ya kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ya cusa kanumfari a kogon, ya sha maganin rage zafi. Zugin ya lafa, ya kuma dawo.

Matarsa ta ce, "Maigida, waɗannan duk lallashi ne kafin a ga likita. Ka je asibiti."

Ya ce, "In tafi in bar wa tsuntsaye gero? Bari a gama girbi."

Wata safiya ya tashi ya ji haƙorin shiru. Ya taɓa shi da harshe, ba zafi. Ya ɗauki magirbinsa da murna, ya ce mata, "Kin gani? Ya warke da kansa." Bai sani ba, jijiyar haƙorin ce ta mutu, ruɓar kuwa ta gangara cikin muƙamuƙi.

Ba a jima ba kuncinsa ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, amma hankalinsa na gona. Da matar ta kawo masa kunu, bakin ya ƙi buɗuwa. Ko yawu ya kasa haɗiyewa, kumburin ya sauko wuya. Ba ta ƙara tambayarsa ba. Ta kira ƙanensa, suka ɗora shi a babur, sai asibiti.

Likita ya tsaga wurin, ya fitar da mugunya, ya cire haƙorin, aka sa masa ƙarin ruwa. Da ya samu sauƙi, likitan ya ce, "Baba, da ka zo tun yana zugi, da watakila cike shi kawai za mu yi. Kumburi da zazzaɓi da wahalar haɗiya ba sa jiran gobe. Saura ƙiris hanyar numfashinka ta toshe."

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin. Kogon nan zunubi ne da muka bari a zuciya. Zugin shi ne lamiri, wanda Allah ya sa ya hana mu sakat domin mu nemi magani. Kanumfari kuwa uzurinmu ne: bari in gama wannan, bari in gama wancan. Likitan shi ne Almasihu.

In haƙorinka ya kumbura, ka je asibiti a ranar. In lamirinka yana damunka, ka gode wa Allah, ka tuba yau. Amma kai da kake aikata abin da dā yake hana ka sukuni, yanzu kuwa ba ka jin komai, kada ka ce ka warke. Kai ne ya kamata ka riga kowa zuwa.