Tsohon Gidan da Tahiratu Ta Ƙi Sayarwa

Akwai wata mata 'yar Zangon Kumasi mai suna Tahiratu, tana aikin jinyar tsofaffi a New York. A shekarar 2013 ta sayi wani tsohon gidan katako a unguwar Stapleton. Rufinsa na yoyo, tagoginsa sun ruɓe.

Gidan yana cikin gidajen tarihi da doka ta kare. Ko taga ba za ka canza ba sai hukuma ta yarda, kuma dole sabuwar ta yi kama da ta asali.

Yayanta Inusah, direban tasi a nan New York, ya zo ya zagaya gidan yana dariya.

"Wahala kika saya. Ga ki mace, ba miji. Ki sayar tun kafin ya rufto miki."

"Yaya, na gaji da zaman haya. Nan zan zauna."

Ta nemi izinin sa tagogin roba masu araha, aka hana ta. Inusah ya ce ta sa abinta a ɓoye, wa zai gani? Ta ce ba za ta zauna a gidanta tana fargaba kamar ɓarauniya ba.

Sai ta nemi wani kafinta ya koya mata gyaran tsofaffin tagogi. Kullum ta taso daga aiki sai ta kama kankare fenti, har hannayenta suka tsattsage. Lokacin sanyi a ɗaki ɗaya take kwana, ga bokitai na tarar ruwan rufi. A masallaci ana ta gulmarta. Wani lokacin takan yi kuka, ta share ido ta ci gaba.

Bayan wasu shekaru gida ya tsaya kyam, masu wucewa har hoto suke ɗauka.

Ana nan aka sayar da benen da Inusah ke haya, aka ba shi notis ya tashi da iyalinsa. Ya zo wurinta, ya yi ta kame-kame, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi.

Tahiratu ta ce, "Na ji labari, Yaya. Ka kwaso iyalinka, ɗakunan saman gidan nan babu kowa."

Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, sai ta miƙa masa burushi da gwangwanin fenti.

"Matattakalar baya ce ta rage. Ran Asabar za ka fara."

Darasi: Idan abin da ka sa gaba halal ne, kada dariyar mutane ta sa ka ajiye shi, kada kuma ka bi ta ɓarauniyar hanya. Ku tura wa duk wanda ake ce masa ba zai iya ba.