Ƙarar Injin Wankin Doña Nicolasa

Akwai wani mai gyaran injin wanki a garin Soledad, sunansa Wilmer Pacheco. Yana da rumfa a bakin titi, da babur da yake ɗaure injuna a bayansa yana kai wa mata haya gida-gida.

Wilmer ya san aikinsa, ba a ja da shi a nan. Ko a waya aka kira shi, sai ya ce, "Kara wayar a jikin injin in ji." Idan ya ji bugu dum-dum, ya ce kaya ne suka taru gefe guda. Idan tsuwa ce siririya, ya ce bel ya saki. Idan kacau-kacau ne, ya ce a duba, kwabo ne ya faɗa daga aljihun maigida. Da wuya ya yi kuskure, kuma yabon da ake masa ya fara shiga kansa.

Mahaifiyarsa, wadda ake kira Doña Nicolasa don girmamawa, tana zaune ita kaɗai a tsohon gidansu. A tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kwano, tana da wani tsohon inji mai buɗewa ta sama, wanda mijinta ya saya tun Wilmer yana makaranta. Fentinsa ya koɗe, amma da shi take wanke kayanta da na jikoki, har da rigunan aikin Wilmer ɗin kansa, waɗanda yake ajiye mata duk Lahadi idan ya zo cin miyar rogo da kifi.

Wata Lahadi, yana tsakiyar cin abinci, ta ce, "Ɗana, injin nan ya fara wata ƙara da ban saba ji ba."

"Mama, kin cika shi da barguna ne. Kullum sai na faɗa miki."

"Ba bugu ba ne. Idan ya zo matse kaya, sai ya ɗauki wani gurnani kamar jirgi zai tashi."

Wilmer ya kwashe da dariya har ya ƙware. "To ai jirgin gaske kike ji! Kin manta filin jirgi yana bayan gidanki?"

Ƙanwarsa Dalgis ta harare shi. "Yaya, taku nawa ne daga nan zuwa tsakar gida? Tashi ka duba mata mana."

"Ke kuma yaushe kika zama makaniki? Yau Lahadi ce, akwai ƙwallo. Mama, zan zo cikin mako da kayan aiki."

Bai zo ba. Wani otal ya ba shi aikin manyan injuna, ga masu haya suna ta kira. Da ta sake tuna masa a waya, ya ce, "Mama, injin nan fa sa'anki ne. Tsoho ai dole ya yi nishi."

Ta yi dariya kaɗan. Ta ce, "Har ruwa nake gani a ƙarƙashinsa."

"Tiyo ne. Ki sa tsumma ki goge. Ina zuwa."

Daga ranar ba ta ƙara ta da maganar ba. Wilmer ya ɗauka ƙarar ta daina ne. Bai tambaya ba.

Wata safiya yana kwance wani inji a gidan mutane, waya ta yi ƙara. Maƙwabcin mahaifiyarsa ne, Don Teobaldo.

"Wilmer, bar abin da kake yi ka zo. Mamanka ta faɗi a tsakar gida. Ta kan katanga na ji tana kira."

Ta ɗauko kwandon jiƙaƙƙun kaya ne za ta shanya, ta taka ruwan sabulun da ya kwanta a kan siminti, santsi ya kwashe ta. Ƙashin ƙugunta ya karye. An yi mata aiki a asibiti, amma likita ya ja Wilmer da Dalgis gefe ya ce kada su sa rai za ta sake tafiya da ƙafarta kamar da.

A barandar asibitin Dalgis ba ta yi masa ihu ba. Ta dai dube shi ta ce, "Injunan garin nan kaf ka saurara, Yaya. Nata ne kawai ba ka da kunnen ji."

 

Ranar da za a sallamo ta, Wilmer ya riga kowa zuwa gidan don ya share. Ya tsaya a gaban injin. Ya buɗe murfin, ya sa hannu ya juya gangar ciki a hankali. Nan take ya ji ƙarar, gurza-gurza, kamar ana niƙa tsakuwa. Ya girgiza gangar, ta yi lilo. Tun kafin ya ɗauko sifana ya san ciwon.

Ya kwantar da injin ya leƙa ƙasa. Robar da ke hana ruwa sauka ta tsage, ruwa ya daɗe yana bi ta kan boris ɗin da gangar ke juyawa a kansa har tsatsa ta cinye shi. Ga layin tsatsa ja ya zubo har kan siminti. Ba tiyo ba ne, ba barguna ba ne. Abin da ta faɗa masa tun farko shi ne daidai, kuma da baƙuwa ce ta kira shi ta kwatanta wannan ƙarar, da tun a waya ya ce mata ta kashe injin kada ta sake kunnawa.

Irin wannan boris da robar suna nan a rumfarsa, cikin wani gwangwani. Ya je ya ɗauko. Kafin rana ta karkata ya gama.

Ya zuba ruwa ya kunna. Injin ya wanke, ya matse, shiru, sai ɗan kaɗawa mai laushi. Wilmer ya zauna a kan bokiti ya rufe fuska da hannuwansa masu baƙin mai.

A haka Dalgis ta turo mahaifiyarsu a keken guragu. Doña Nicolasa ta kasa kunne.

"Kai, ka gyara shi?"

"Na gyara, Mama."

"Me ya same shi?"

"Abin da kika ce ne." Ya sauke hannuwansa daga fuska. "Mama, ki yafe mini."

"Haba, ɗana, tashi daga kan bokitin nan kada ka fasa mini shi. Aiki ne ya yi maka yawa, na sani. Dalgis, matso da ni in gani."

Dalgis ta tura ta har jikin injin. Tsohuwar ta ɗaga hannu ta taɓa gefen murfin, ta yi ƙoƙarin leƙa ciki, amma bakin injin ya fi ƙarfin wanda ke zaune. Ta sake gwadawa, sannan ta mayar da hannunta kan cinya.

"Ba komai," in ji ta. "Dalgis za ta riƙa kwashe mini."

Tun daga lokacin Wilmer ne yake zuwa yi mata wankin da kansa, ita kuma tana gefe tana gaya masa wace riga ce ke zuba. Ba ta taɓa goranta masa ba ko sau ɗaya. Ya gaya wa Don Teobaldo cewa da ma zaginsa ta yi, da ya fi samun sauƙi.

Darasi: Idan na gida ya kawo maka kuka, ka saurare shi kamar yadda kake sauraron baƙo mai biyanka. Iyayenmu ba sa son takura mana, idan suka faɗa sau ɗaya, sau biyu, sai su yi shiru, kuma shirun ba yana nufin matsalar ta wuce ba. Ka tura wannan labari ga duk wanda ka san yana ce wa mahaifiyarsa "ina zuwa", ko zai tashi ya je yau.