Kurege Mai Rukuni Biyu

Ga wata nan tafe, ku matso kusa.

A kwalejin dawa, Malam Raƙumi ya raba ɗalibai rukuni-rukuni. Ya ce kowane rukuni ya yi bincike, ya fitar da ɗaya ya yi bayani gaban aji, waɗanda suka faɗi kuma su maimaita shekara. Al'adar makarantar kuwa, duk inda rukuni ya zauna aiki sai an ɗora tukunya. Wannan kaɗai ya shiga kunnen Kurege.

Ya sami Ɓauna da Kura, masu binciken ƙafewar tafki, ya ce, "Yayyena, ku yi wahalar, ni in yi maganar. Bakin nan nawa, ko a gidan makoki na buɗe shi sai an yi dariya." Suka ɗauke shi. Suna binciken tafki, yana binciken shinkafa da wake.

Da gari ya waye, ya ga ci ɗaya ba ya riƙe shi. Ya ari tabarau, ya cusa jela cikin wando, ya je wa Dorina da Damisa, masu binciken fara. "Sunana Ɓeran Birni," in ji shi ta hanci. "Ni na koya wa aku magana." Nan ma aka ɗauke shi, ya dinga narkar taliya da manja. In an miƙo masa littafi sai ya ce, "Haba Yaya, karatu na dusar da murya." Ni dai Allah ya raba yaranmu da irin wannan abokin aiki.

Ran nan Malam ya shigo ya ce yana da ɗaurin aure gobe, don haka maimakon kowane rukuni da ranarsa, kowa yau zai yi bayani. Kurege kuwa barkwanci ɗaya tal ya tanada.

Aka kira rukunin tafki. Ya miƙe ya gyara murya: "Jama'a, na tambayi Kunkuru ina aikinsa, ya ce tun bara ya taso da shi, yana hanya!" Aji ya kece da dariya. Malam ya share hawaye, ya manta da zancen tafki, ya ba su maki.

Kurege ya zille bayan ƙofa, ya maƙala tabarau, ya dawo da aka kira rukunin fara. "Jama'a, na tambayi Kunkuru ina aikinsa…"

Ba wanda ya yi dariya. Daga baya Kunkuru ya leƙo da kai: "Sau biyu a zama ɗaya? Me na tsare muku?"

Malam ya sunkuyo da dogon wuya. "To Malam Ɓera, me fara take ci?"

"Ai… tafki, ranka ya daɗe."

Tsoro ya sa jelar ta hau rawa, ta yi fit ta fito daga wando. Kura ta zabura: "Wallahi jelar nan na san ta, ita ta cinye mana wake!" Damisa ya kai mari, Ɓauna ya kai karo, Dorina ta taka jelar. Kurege ya fizge, ya bar rabin gashinta a ƙasa, ya dira ta taga.

Sai da ya kai bakin raminsa ya waiwayo, ido a kumbure, ya ɗaga murya: "Ajin ne bai san barkwanci ba! Baɗi barkwanci biyu zan haddace, in shiga rukuni uku!"

Nan ta tsaya, ƙurunƙus kan guntuwar jela.