Layin da Ya Sirance a Allon Sallau

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, ana ce masa Sallau mai rediyo. Bawan Allah ne, rumfarsa ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. In allon cikin na'ura ya ƙone, wannan mai layukan jan ƙarfe, aka rasa shi a kasuwa, Sallau da hannunsa yake yin wani. Zai shafa wa farantin jan ƙarfe magani, ya ɗora zanen layukan a kai, ya rufe cikin wani akwati mai ƙananan ƙwayayen lantarki masu haske shunayya. Hasken nan ke buga zanen. In lokaci ya gaza, ba ya kamawa. In ya zarce, layukan su sirance. Sallau kuwa ba shi da agogo. Ƙulhuwallahu ƙafa ashirin da ɗaya yake yi, sai ya kashe.

To, ku saurara. Wata mai kiwon kaji, Hajiya Tabawa, ta kawo masa injin ƙyanƙyasa da allonsa ya ƙone, ƙwai ɗari shida na jiranta a gida. Ya kunna akwati, yana cikin ƙirga, sai ga wani dattijo da sallama. Kun san gaisuwarmu: ina gajiya, ina iyali, yaya muka ji da zafi. Kafin a gama, ƙirga ya kwance masa.

Allo ya fito, aka gwada, inji ya tashi. Amma Sallau ya ga layi ɗaya ya sirance kamar gashi. Babu wanda ya gani sai shi da Allah.

Ya ce, "Hajiya, kada ki zuba ƙwai a kan wannan. Na yi kuskure, hasken ya zarce. Ki ba ni kwana biyu in sake wani."

Ta ce, "Malam Sallau, ba ga shi yana aiki ba?"

Ya ce, "Yau yana yi. Ban lamunce miki mako uku ba."

Nan ta wanke shi tas a gaban mutane, ta ɗauke inji da allon ta kai wa wani mai gyara, mai shagon gilashi. Wannan ya juya allon sau ɗaya ya ce, "Ras yake, Hajiya, tsoro ne irin na tsoho." Ya ɗaura mata allon a injin.

Ran kwana goma sha takwas layin ya ƙone. Ƙwai suka huce, ko ɗan tsako ɗaya bai fito ba.

Wallahi nan ne raina ke ɓaci. Kun san wa gari ya zaga? Sallau! Wai allonsa ne. Mai cewa "ras yake" yana shagonsa ana ta kai masa aiki, rumfar Sallau kuwa ta koma wurin kwanan awaki. Da aka gaya masa abin da ake faɗa, cewa ya yi, "Ai allona ne. Allah ya mayar mata da alheri."

Jama'a, faɗin aibin aikinka kafin a gano amana ce, ko da za ta ci sunanka. Kai tela, kai bakanike, kai magini, sau nawa ka ga inda aikinka ya yi rauni ka ce "an gama"? Mu kuma masu kai aiki, mu ji tsoron Allah. Mu ne muke korar mai gaya mana gaskiya, mu bi mai daɗin baki, sannan mu zauna muna kukan babu masu amana a gari. Akwai su. Yunwa muka bar su da ita.