Gayyar Gizo a Waya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara waya ta shigo daji, kowace dabba ta buɗe shafinta. Gizo ma ya sayar da akuyar matarsa Ƙoƙi ya sayo tasa. Tun daga ranar ya bar wa Ƙoƙi gona, ya tare a gindin tsamiya yana leƙen masu binsa.

Maƙwabciyarsa Bushiya ce ta hana shi sukuni. Mabiyanta ba su taka kara sun karya ba, amma ko hoton miyar kuka ta sa, sai a yi ta tambayarta tana amsawa, ana tura wa 'yan'uwa. Shi kuwa in ya sa abu, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Sai ya tafi wurin Dila malamin daji. Dila ya duba wayar, ya ce masa ba yawan mabiya ake aunawa ba. A duba wa ya tsaya ya kalla har ƙarshe, wa ya yi magana, wa ya tura gaba. Ya ce ya riƙa amsa wa duk wanda ya gaishe shi, ya lura da abin da jama'a ke so, ya kuma sa abinsa lokacin da suka dawo daga kiwo.

Gizo ya ce, da tsamin bakin nan nasa, "Malam, hanyai nan ta yi nisa. Ni gobe nake so in zama saiki."

Ya je ya ari gashin Ɗawisu ya lilliƙa a jiki, ya ɗauki hoto ya sa. Ya wuni yana jira. Mutum ɗaya ne ya danna alamar so, Ƙoƙi ce, ita ma ta ce hannunta ne ya zame.

Washegari ya rubuta cewa Zaki ya rasu, za a raba gado. Nan fa waya ta hau ƙara ba tsayawa, Gizo ya tashi yana taka rawa. Da la'asar sai ga Zaki da kansa, ya ce ya zo karɓar gaisuwar mutuwarsa. Mari guda ya yi masa, Gizo ya kwana yana jin kiɗan kalangu a kunne. 'Yan mabiyan da yake da su ma suka watse.

Kai Tasi'u, daina dariya, na ga irin abin da kake sawa a taka wayar.

Rana ta uku ya nufi wurin Sarkin Fara. Sarkin ya ce yaransa sun fi ƙasa yawa, in Gizo ya ba shi damin dawa duk za su bi shi. Gizo ya saci dami a rumbun Ƙoƙi ya kai. Kafin azahar shafinsa ya cika maƙil, ya fi na Giwa.

Ƙoƙi ta leƙa ta ce, "Maigida, su waɗannan jama'ar taka ko sallama ba sa amsawa?"

Ya ce mata manyan mutane ba su da surutu.

Lokacin kaka ya yi, gero ya nuna. Bushiya ta kira gayya a shafinta, 'yan mabiyanta suka zo da lauje, kafin rana ta take sun girbe mata gona tas, ta shayar da su fura. Gizo ya taɓe baki, ya ce za a ga gayya. Ya ɗauki bidiyon gonar Ƙoƙi, zangarniya sai sunkuyawa take don nauyi, ya yi kwatance dalla-dalla: gabas da rafi, bayan kuka. Ya sa Ƙoƙi ta dama kunu a manyan tukwane.

Gari ya waye. Ba Zomo, ba Kurciya, ba ko Kunkuru. Kunu ya huce. Can sai gabas ta yi duhu kamar hadari, Gizo ya gyara hula ya ce, "Ƙoƙi, ga jama'ata nan."

Fara ta sauka a gona. Kafin Gizo ya gama yi musu maraba, ba abin da ya rage sai kara tsaye. Sarkin Fara ya share baki ya ce, "Mun gode, Gizo. Tunda muke binka, yau ne ka sa abin da ya burge mu."

Ƙoƙi ta shiga ɗaki ta ɗauko taɓarya. Gizo ya yar da waya ya haye bango, ya laɓe a lungun rufi. Har yau yana can yana saƙa yanarsa, yana jiran wanda zai faɗo masa.

To kun ji, jikokina. Taron da ba ya amsa sallamarka ba naka ba ne. Gara kaɗan da za su zo in ka kira, su ma sai kana amsa nasu kiran.

Ƙungurus kan kusu. Ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya, ku tashi ku wanke ƙafa.