Tocilar da Ba Ta Dushewa

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, inda a dā ake haƙar kuza. Masu haƙar sun daɗe da tashi, sun bar ramukansu ciyawa ta rufe musu baki. Mutumin nan ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Aibinsa guda ne: in abu ya yi masa kyau yau, to ya gama yanke hukunci gobe ma haka zai kasance.

Wata rana ɗansa Barnaba, wanda yake aiki a birni, ya aiko masa da tocila. Siririya ce, ba ta fi yatsa kauri ba, in ka jefa ta a aljihu sai ka manta tana ciki. Amma in aka danna ta, haskenta fari ne fat, har ana iya ƙirga ganyen mangwaron da ke bayan gida. Ba ta cin batir, caji ake yi mata kamar waya. Tana kuma da ɗan maƙali, mutum ya maƙala ta a hula ya yi aiki da hannu biyu.

Mutumin ya yi murna ƙwarai, kuma yana da gaskiyar yin murna. Tsohuwar tocilarsa ƙatuwa ce ta ƙarfe, mai nauyi kamar taɓarya, ga cin batir. In batiran suka fara gajiya sai haskenta ya koma ja-ja, ya yi ta dushewa kwana da kwanaki, har sai ya ciro su ya shanya a rana, ko ya ciccije su, don su ƙara ɗan motsi. Ranar da sabuwar ta zo ya tura tsohuwar ƙarƙashin gado, bai sake waiwayarta ba.

Sabuwar kuwa ta yi masa aiki. Da ita ya ga kunama a cikin takalminsa kafin ya sa ƙafa. Da ita ya gano inda gara take cin rumbu. Da ita ya nemo wa matarsa Afiniki allurar da ta faɗi a tsakar ɗaki. Kullum tana aljihunsa, gona ko kasuwa, har da rana tsaka sai ya ciro ta ya haska wa mutane tafin hannunsa don su gani.

To a ƙauyen nan babu wutar lantarki sai a majami'a, inda aka kafa sola. Ranar Lahadi kowa yakan zo da wayarsa, a jera su a kan benci a baya, ana sujada suna shan wuta. Da farko mutumin ma yakan ajiye tocilarsa a nan. Amma ita tana daɗewa kafin ta cika. Sai an tashi, abokansa sun wuce gindin ɗorawa suna hira, shi yana zaune yana jira. Sai kuma ya lura da wani abu: haskenta kafin caji da bayan caji duk ɗaya ne. Ya ce a ransa, "Ashe wahalar banza nake sha. Ranar da ta fara dushewa na kawo ta." Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, tocila tana aljihu.

Wata safiya Afiniki tana kakkaɓe rigarsa, ta ce, "Baban Barnaba, wannan ɗan jan abin da yake ƙiftawa a gindinta fa? Ai yaron nan ya ce in ya fara, a kai ta caji."

Ya karɓa ya danna, haske ya cika ɗakin. Ya yi dariya ya ce, "Dube ta da kyau, Maman Barnaba. Wannan ta yi miki kama da mai jin yunwa? Ni na san tocila tun ba ki zo gidan nan ba. In za ta mutu, sai ta faɗa mini."

Afiniki tana da tunkiya guda, wadda ta rena da hannunta tun uwar ta mutu ta bar ta 'yar ƙarama. Tana son ta sosai, a lokacin kuwa tunkiyar tana da tsohon ciki. Ran wata Asabar da rana, cikin damina, tunkiyar ta tsinke igiya ta bi ɗanyar ciyawa zuwa wajen duwatsu. Suka fita nema su biyu, har suka ji kukanta can ƙasa, daga wani tsohon rami wanda bakinsa ya gangara ciki.

Afiniki ta ce, "Bari in kira mutane."

Ya ce, "Mutane na me? Ga haske a aljihuna. Je ki gida ki ɗora ruwa, yanzu zan kawo miki ita."

Ya maƙala tocila a hula ya sunkuya ya shiga. Ramin ya gangara, ya karkata hagu, hasken rana ya ɓace a bayansa. Bai ji tsoro ba ko kaɗan, gama yana ganin kowane dutse. Da ya yi nisa sai ga tunkiyar, ƙafarta ta baya ta maƙale tsakanin duwatsu biyu. Dab da ita kuma akwai wata rijiya mai zurfi da masu haƙa suka bari, hanyar da ta rage tsakanin rijiyar da bango ba ta fi faɗin ƙafa ba. Ya ce, "Yi haƙuri, ga ni nan." Ya ɗaga ƙafa zai taka.

Nan take tocilar ta mutu. Ba ta yi ja ba, ba ta dushe ba. Tana cikin cikakken haskenta ta ɗauke ɗif.

Ya danna, ya sake dannawa. Ya buga ta a tafin hannu kamar yadda ya saba yi wa tsohuwar, babu ko ƙyalli. Tunkiya tana kuka a gabansa, yana jin numfashinta, amma ya san in ya kuskure taki ɗaya rijiya ce. Tsoro ya kama shi. Ya durƙusa ya ja da baya, yana laluben bango, yana kiran sunan Allah, har ya hango bakin ramin.

Da ya fito sai ya tarar gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya haɗu. Ya ruga gida a guje. Ya jawo tsohuwar tocila daga ƙarƙashin gado, batiran sun zubar da ruwa, tsatsa ta cinye cikinta. Wayar Afiniki ma a mace take, kamar yawancin wayoyin ƙauyen in Asabar ta yi. Maƙwabta duk suna gona. Ya nufi majami'a ya sami mai bishara yana shara.

Ya ce, "Malam, don Allah sa mini wannan a wuta, yanzu-yanzu!"

Mai bishara ya jona ta, ya ce, "Baba, irin wannan sai ta zauna. Ba ta cika da gaggawa."

Mutumin bai iya jira ba. Ya fizge ta ya danna, ta yi wal sau ɗaya ta sake mutuwa. Sai a lokacin ya buɗe baki ya faɗi abin da ya faru. Mai bishara ya yar da tsintsiya, ya ɗauko tasa tocilar da igiya, suka fita da gudu. Amma tun suna hanya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ko da suka isa, ruwan da yake gangarowa daga duwatsu ya sami hanya, yana kwarara cikin ramin. Mutumin ya yunƙura zai shiga, mai bishara ya riƙe shi gam. Suka tsaya cikin ruwan suna saurare, ba su ƙara jin kuka ba.

Ya komo gida jiƙe sharkaf. Afiniki tana bakin ƙofa. Ta dubi hannunsa, ta dubi bayansa, ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba. Ta juya ta shiga ɗaki tana kuka, wannan kuwa ya fi masa zafi a kan kowace irin magana.

Ma'anar wannan misali ita ce, tocilar nan rayuwar mai bi ce. Haskenta na gaske ne, kyauta ce mai kyau, kada kowa ya rena ta. Allah ya ba mu haske wanda za mu ɗauka ko'ina, gona da kasuwa da makaranta, ba mai nauyi ba, ba kuma na sayarwa a kanti ba. Amma wutar da take cikinmu ba tamu ba ce. Karɓa muke yi daga wurin Ubangiji, abin da aka karɓa kuwa yana ƙarewa in ba a koma ba.

Abin da ya ruɗi mutumin nan shi ne yake ruɗin yawancinmu. Yana jira ya ga dushewa. Mutum zai iya barin addu'a wata da watanni, ya bar zama da Maganar Allah, amma muryarsa a ƙungiyar mawaƙa tana nan daram, gaisuwarsa da daɗi, kowa yana yabonsa. Shi da kansa ya dubi kansa ya ce lafiya lau. Sai ran da gwaji ya zo, ran da fushi ko ciwo ko jaraba suka tare shi a ƙunci, ya nemi ƙarfi ya tarar babu. Mutane su ce, "Wane ya faɗi farat ɗaya." Ba farat ɗaya ba ne, ya daɗe da yankewa daga wurin mai ba da wutar.

Ɗan jan abin nan mai ƙiftawa shi ne gargaɗin da Ruhu yake yi a zuciya, sau da yawa kuma ta bakin wanda muka fi renawa a gida. Ku kuma lura, zama da Allah ba ya yiwuwa a guje. Ba a bakin rami ake fara koyon addu'a ba. Sa'an nan wanda ya sha hasarar ba mai tocilar kaɗai ba ne. Akwai mai jiranka a bakin ƙofa, wanda ya dogara da haskenka.

Duk da haka kada zuciyar kowa ta karai. Wutar ba ta ƙare a wurin mai ba da ita ba, bai kuwa taɓa korar wanda ya dawo fanko ba. Saboda haka, 'yan'uwa, kada ku tambayi kanku ko har yanzu kuna haske. Tocilar mutumin nan ma tana haske har lokacin da ya ɗaga ƙafa. Kowa ya tambayi kansa yau: yaushe rabona da in zauna shiru a gaban Ubangiji har in cika?